Wanda Yake Tsayawa Kusa da Inna

Tun da mantuwa ta kama Inna, ta sha barin tukunya a kan wuta, ta sha ɓoye makulli a cikin firij ta ce an sace. Duk wannan bai tayar wa Yaya hankali ba kamar maganar salla. Matar da ta shekara saba'in goshinta bai yi fashin taɓa ƙasa ba, yanzu sai ta yi kabbara ta tsaya cak, idanunta na yawo a bango, ba ta san ko ruku'u ya kamata ta yi ko sujada ba. Wani lokaci ta yi raka'a ɗaya ta sallame. Wani lokaci ta yi ta yi har gwiwoyinta su gaza, sannan ta zauna tana kuka tana cewa Allah ya kore ta daga ƙofarsa. Yaya, wadda ita ce babbar 'yarta, ta sa wa ranta abu ɗaya: uwarta ba za ta bar duniya ba sai tana salla, salla kuma karɓaɓɓiya.

Inda gizo yake saƙar, Inna a hannun Auta take. Su biyu kaɗai suka rayu cikin waɗanda ta haifa. Yaya tana can ƙarshen gari da mijinta da shagonta na ɗinkin labule, shi kuwa Auta, da ya haura arba'in bai ajiye iyali ba, yana zaune da Inna a hawa na biyu na tsohon benen da aka haife su. Aikinsa ɗaukar hoton ƙashi a asibitin da ke bayan layinsu. Kuma Auta bai yarda akwai Allah ba.

Ba ya shela, ba ya zagin addinin kowa. A cikin gida kawai aka sani. Tun yana saurayi ya faɗa wa Inna da bakinsa, ta yi kukanta ta gaji, ba ta tsine masa ba, ba ta kuma taɓa fasa ajiye masa abinci ba. Abin da ya fi ƙona wa Yaya rai shi ne yaron ba shi da wani aibu da za ta kama. Da ma mashayi ne ko ɗan caca, da ta san inda za ta ɗora laifin. Amma mutum ne mai sanyin magana, mai wanke wa uwarsa ƙafa, mai kai tsofaffin maƙwabta asibiti a bayan babur ɗinsa. Sau da yawa ta kan ce da mijinta wannan kirkin nasa ma wani nau'in taurin kai ne.

Duk Asabar, in ta kawo wa Inna ziyara, sai sun kai ruwa rana a kicin, ita tana yanka albasa shi yana wanke kwanuka. Ta ce masa shi da yake kallon haƙarƙarin mutane kullum a jere reras, wa ya jera su? Ya ce a ranar ma ya ɗauki hoton wata yarinya ƙarama da ciwo ya cinye mata ƙashin cinya, wa ya jera wannan? Ta ce jarrabawa ce. Ya ce shi bai taɓa ganin malamin da yake karya wa ɗalibi ƙafa don ya gwada shi ba. Ta ce injin nasa ai ba ya nuna ciwon kai, ba ya nuna ƙauna, amma bai ce babu su ba. Ya yi murmushi ya ce wannan kam ta ci maki ɗaya. Haka za su yi ta yi har shinkafa ta nuna, babu wanda ya matsa daga inda yake ko da taku guda. Suna son juna, shi ya sa ma abin yake musu ciwo.

Wata Laraba Yaya ta je ɗaura labule a wani ofis kusa da unguwar, ta gama da wuri, ta ce bari ta leƙa Inna. Ta hau matakala da tef ɗin awo a wuyanta, ta tarar da ƙofa a buɗe kaɗan. Ana cikin la'asar. A tsakar falo darduma biyu ne a shimfiɗe. Inna tana kan ɗaya, Auta yana kan ɗayar da kayan aikinsa na asibiti, hannuwansa a ƙirji. Ya yi ruku'u, Inna ta yi. Ya ɗago, ta ɗago. Ya tafi sujada a hankali, yana jiran gwiwoyinta, ta bi shi. Bakin Inna yana motsi, karatun yana fita tsaf, babu gargada.

Yaya ta ja da baya a hankali. Ta zauna a kan matakala ta rufe baki da mayafi ta yi kukan daɗi irin wanda rabonta da shi tun haihuwar ɗanta na fari. Shekara da shekaru tana roƙon wannan rana a kowace sujada.

Murnar ba ta kai shan shayi ba. Da Inna ta kishingiɗa, Yaya ta ja Auta kicin ta riƙe hannunsa biyu tana masa barka. Ya zare hannun a hankali.

"Yaya, kada ki yi murna. Babu abin da ya canza."

Ya ba ta labari. Wata rana ya dawo ya sami Inna a kan darduma tana kuka kamar ranta zai fita, ta rasa inda take a cikin sallar. Ya rarrashe ta bai yi nasara ba. Sai kawai ya tsaya a gefenta ya ɗaga hannu, ya ga ta ɗaga. Tun daga ranar, in yana tsaye kusa da ita ba ta ɓata. Ya roƙi shugabansa aka gyara masa lokutan aiki, da azahar ya kan sheƙo a guje ya koma, sauran lokacin maƙwabciya take zama da ita. Har alwala yake yi, domin Inna sai ta taɓa gwiwar hannunsa ta ji da lema kafin ta yarda a fara.

Yaya ta tambaye shi, to me yake faɗa in ya kai goshinsa ƙasa.

"Ba na faɗin komai. Ina ƙirga raka'a ne, ina sauraron numfashinta."

Ta ce wannan wasa da Allah ne. Ya ce ba zai iya wasa da wanda bai yarda yana nan ba, uwarsa ce take kuka, ya sami abin da yake hana ta kuka. Ta ce yaudarar tsohuwa yake. Nan ne muryarsa ta canza, abin da ba ta saba ji ba.

"Ki faɗa mini, Yaya. Mace ta shekara saba'in tana tashi cikin sanyi saboda shi. Bai ɗauke mata ido ba, bai ɗauke mata ƙafa ba, sai sallar da kanta ya ɗauke. Ki ba ni amsar wannan, ni kuma in bi ki masallaci."

Ta ce Allah ba a yi masa tambaya, ta ɗauki jakarta. A cikin bas har ta isa gida maganar tana mata tsaye a ƙirji, kuma rashin amsar ya fi maganar kanta ba ta haushi.

Washegari ta je wurin malamin unguwarsu, wani dattijo mai jan magana. Ta ce wata mata ce ta aiko ta da tambaya, kamar yadda kowa yake cewa in tambayar tasa ce. Malam ya ce lallai babu salla a bayan wanda ya musanta Mahaliccinsa. Sannan ya gyara zama ya tambayi yadda hankalin tsohuwar yake, ya ce in mantuwa ta kai haka, ai an ɗauke mata alƙalami, babu abin da ake bin ta, a bar ta da duk abin da yake sanyaya mata rai. Yaya tana da kunne biyu lafiyayyu, amma ranar ɗaya ta je da shi. Rabin farko ta ɗauka ta ƙulle a bakin zane, rabi na biyu ta bar wa malam kayansa. Ita a ganinta, cewa an ɗauke wa Inna alƙalami daidai yake da cewa Inna ta riga ta tafi, ita kuwa ba ta shirya jin haka ba.

Ran Asabar ta zo da motar mijinta. Ta ce ita ce babba, ita ce mace, ita ya kamata ta riƙe uwarsu tun farko, kuma daga yau Inna za ta yi salla a gefen mai salla. Auta ya roƙe ta. Ya ce masu irin wannan ciwon ba a canza musu ɗaki, bangon da suka sani shi ne yake riƙe da su. Ta yi kunnen uwar shegu. Da ya ga ta kafe, ya shiga haɗa kaya da kansa. Ya nuna mata maganin safe da na yamma, ya ce Inna ba ta son a rufe ƙofar banɗaki, ba ta shan shayi sai ya huce, in ta ce an sace mata abu kada a musa, a taya ta nema. Yana magana yana ninke zannuwanta. A bakin mota ya ce, cikin ɗacin rai, yana fata Allahn nata zai lura da wahalar da aka sha dominsa. Ita kuma ta mayar masa da wadda ta fi zafi: kada ya tako mata gida sai ya san Ubangijinsa. Inna tana kujerar baya tana ɗaga masa hannu, tana tsammanin kasuwa za a kai ta.

Yaya ta gyara wa Inna ɗakin da ya fi kowanne iska, ta ɗinka masa sabon labule mai ruwan ƙasa da hannunta, ta sayi darduma mai laushi saboda gwiwa. Da aka kira azahar ta yi mata alwala, ta tsaya a gefenta, ta yi kabbara. Da ta saci kallo, Inna tana tsaye hannuwa a sake tana kallon ƙofa. Yaya ta sallame ta sake farawa. Inna ta zauna a bakin gado. Yaya ta ce wa kanta baƙunta ce, gobe za ta saba.

Ba ta saba ba. Aka gwada mijin Yaya, mutum mai kyakkyawan karatu, Inna ta ja mayafi ta juya masa baya. Aka gwada sanya mata karatu a rediyo, ta saurara kamar labarai. Duk lokacin da ladan ya kira, za ta miƙe da sauri ta nufi ƙofa, ta leƙa hagu ta leƙa dama, ta dawo ta zauna. Rannan Yaya ta gaji, ta durƙusa a gabanta ta ce, Inna lokaci yana wucewa, mu yi salla.

"Ina yaron?"

"Wane yaro, Inna?"

"Auta mana. Ya sake gudu wurin ƙwallo ko? Ki nemo mini shi. Ba zan fara ba sai ya zo. Yaron nan in ban tsaya kusa da shi ina yi yana gani ba, ba ya yi. Ya kusa iyawa fa. Ruku'unsa ne kawai yake sauri."

Sai a lokacin Yaya ta gane. Ashe duk watannin nan Inna ba bin sa take ba. A cikin kanta ita ce take koya masa. Shi ya sa take duba masa alwala, shi ya sa karatun yake fita daram, domin uwa ba ta yarda ta yi kuskure a gaban ɗan da take koya wa. Abin da ya rage yana riƙe da sallarta ke nan, yaron da take tsoron ya tashi ba ya yi. Yaya da hannunta ta ɗauke shi daga gefenta.

Da a ranar ta kira shi, da wataƙila labarin ya canza. Amma Yaya 'yar uwarsa ce, taurin kan nan gado ne. Ta ce wa kanta in ta kira shi ta yarda ya yi gaskiya ke nan, kuma ba a kan Inna kaɗai ba. Ta ce bari ta ƙara gwadawa. Shi ma can ya riƙe maganar da ta faɗa masa a bakin mota. Yana kawo magani shago ya bai wa matar da ke yi mata guga, ya tambayi lafiyar Inna daga bakin ƙofa, ya juya. Yaya tana jin muryarsa daga bayan keken ɗinki, sai ta ƙara taka keken da ƙarfi. In ya bugo waya aka kara wa Inna a kunne, sai ta riƙa neman mai maganar a bayan labule.

Makonni suka yi ta wucewa. Inna ta rage tambayar yaron, daga baya ta daina. Ta daina miƙewa in an kira salla. Ladan zai yi ta yi, ita tana zaune tana tsinke zaren bakin zanenta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kuka yanzu, wannan kuwa ya fi kukan tsorata Yaya. Sabuwar dardumar tana ninke a kan kujera, ko sawun goshi babu a jikinta. Yaya ta kan idar da tata sallar ta daɗe a zaune, ta rasa ma abin da za ta roƙa, domin abin da ya same ta ita ta ɗauko shi a mota.

Wata rana bayan azahar ta rufe shago ta hau bas zuwa asibiti. Ta zauna a benci cikin masu jira, tsakanin wani mai karyayyen hannu da wata mai tari, tana kallon jar fitilar da ke saman ƙofar ɗakin hoto. Ta cikin ƙofar tana jin muryar ƙaninta yana ce wa wani ya ja numfashi, ya riƙe, ya saki. Muryar da yake lallaɓa Inna da ita ce. Da fitilar ta mutu ya fito sanye da rigar dalma mai nauyi da ke kare shi daga hasken injin, ya gan ta, fuskarsa ta canza. Ta yi sauri ta ce Inna tana nan da rai.

"Ta daina salla, Auta. Gaba ɗaya. Ka zo."

"Kin yarda ta bi kafiri ke nan?"

"Ba bin ka take ba. Koya maka take yi."

Ta faɗa masa abin da Inna ta ce, har maganar ƙwallo da saurin ruku'u. Shi ma ashe bai sani ba. Duk zatonsa shi ne yake jan ta. Ya kwance rigar dalmar ya rataye, ya leƙa ya ce wa abokin aikinsa ya riƙe masa sauran mutanen.

A hanya ba su yi gardama ba. Ta hau bayan babur ɗinsa ta riƙe kafaɗarsa, ta ji duk ya rame. Sau ɗaya ta ce masa ya yafe mata maganar bakin mota. Ya ce shi ma tasa ba ta da daɗi.

Sun iso ana kiran la'asar. Ya shiga banɗaki ya yi alwala, ya bar ruwan yana ɗiga daga hannuwansa bai goge ba. Yaya ta aro masa dardumar mijinta ta shimfiɗa kusa da ta Inna. Ya shiga ɗakin da sallama, ya durƙusa ya ce, Inna ga ni na zo, mu yi salla.

Inna ta ɗago ta dube shi. Ta dube shi da kyau, cikin ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya yi ɓatan ƙofa. Sannan ta ja mayafinta ta rufe kai sosai, ta amsa sallamar, ta tambaye shi ya hanya, ya mutanen gida.

Yaya ta ce, Inna Auta ne fa, ɗanki. Inna ta yi 'yar dariya ta ce Auta ai yaro ne, wannan kuwa ga furfura a gemunsa.

Auta ya miƙe. Ya hau darduma ya tsaya daidai inda gefen idonta zai kama shi, ya ɗaga hannu ya yi kabbara da ƙarfi. Ya daɗe a tsaye fiye da kima. Ya yi ruku'u a hankali, ya jira. Ya yi sujada, ya jira gwiwoyin da ba su taho ba. Yaya tana bakin ƙofa tana kallon hannuwan Inna, tana roƙon Allah da duk abin da ya rage mata ya sa su motsa ko sau ɗaya. Hannuwan suna kan cinya. Inna ta ma janye ƙafafunta gefe don kada ta tare wa baƙo wuri. Bai yanke ba. Ya kai raka'a huɗun har ƙarshe shi kaɗai, kafaɗunsa na girgiza, ya yi tahiya ya sallame dama da hagu.

Inna ta jira ya gama, kamar yadda ya dace. Sannan ta matso kaɗan ta rage murya.

"Allah ya karɓa, bawan Allah. Don Allah in za ka sake yi, ka sa mini ɗana a ciki. Yaron kirki ne wallahi, salla ce kawai ba ya yi. Da ni nake tsaya masa, to ni ma na rasa inda na ajiye tawa."

Auta ya juyo gare ta.

"To, Inna. Zan sa shi."

Ta yi masa godiya, ta koma kan zaren bakin zanenta. Yaya ta juya ta kifa goshinta a jikin ƙofa tana kuka mara sauti. Auta ya daɗe a zaune. Daga baya ya naɗe dardumar da ya yi salla a kai, ya naɗe ɗayar da ba a taka ba, ya tambayi Yaya inda ake ajiye su.